Gurbin Muryar Baffa

Shagon Safara'u ɗaki ne na gidansu da aka toshe wa ƙofar ciki aka fasa wata ta waje, yana kallon layin da ya miƙe zuwa masallacin unguwa a Limawa. Babu komai a cikinsa sai tebur da benci, da firinta mai ƙara kamar keken ɗinki, sai kwamfuta 'yar gwanjo wadda farinta ya koma ruwan ƙasa. Da abin da ta samu na gadon mijinta ta saye ta, bayan ta fita takaba ta dawo gaban iyayenta. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Jigawa ba, kuma masu kwamfuta a cikin Dutse ba su da yawa, don haka aiki bai yanke mata ba. Ma'aikata na kawo takardu a buga musu, ɗalibai na zuwa, amma abin da ya fi riƙe shagon shi ne katin biki da na suna.

Mahaifinta, Alaramma Bubayero, ɗan makiyaya ne. A cikin 'yan'uwansa shi kaɗai aka cire daga bin shanu aka tura gabas karatu, ya dawo da Alƙur'ani a ka. Ya shekara da shekaru yana jan baƙi a tafsirin azumi. Karatunsa irin na da ne, mai nauyi, mai tafiya a hankali, ba irin na kaset ɗin ƙasashen Larabawa da samari suka koma kwaikwayo ba. Sunan mahaifiyarsa Safara'u ta ci, shi ya sa bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce Ummi. Ita kuma Baffa take ce masa.

A azumin da ya wuce muryarsa ta fara dishewa. Aka ce sanyi ne. Matarsa, Inna Gaji, ta yi ta dafa masa citta da kanumfari, abu bai yi ba. Bayan sallah Safara'u ta kai shi asibiti a Kano, likita ya ja ta gefe ya gaya mata ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya riga ya yi nisa. Ba ta gaya wa Baffa ba, shi ma bai tambaya ba. Sai da motar ta wuce Wudil sannan ya juyo ya ce, “Ummi, kaset ɗin nan nawa suna ina?”

Wani ɗalibinsa ne ya taɓa ɗaukar karatunsa gaba ɗaya a kaset, tun Safara'u tana firamare. Da suka isa gida ta sauko da kwalin daga saman durowa, ashe daidai nan rufin yake yoyo. Zaren ya yi funfuna, ya manne da juna. Ta zaɓi wanda ya fi kyan gani ta sa a rediyo. Muryar ta fito tana jan jiki kamar mai magana daga cikin rijiya, can sai rediyon ya tauna zaren ya tsaya.

Baffa ya daɗe yana kallon rediyon, sannan ya ce, “To, shi ke nan.”

“Ba shi ke nan ba, Baffa. Kwamfutata tana ɗaukar magana. In muka gama sai a kai Kano a zuba a faifan sidi. Shi ba ya funfuna, rediyo ba ya tauna shi.”

“Akwatin naki zai ɗauki izu sittin?”

“Zai ɗauka.”

Ba ta sani ba ko zai ɗauka. Ta dai faɗa.

Suka fara da shigowar bazara. Kullum da hantsi, in akwai wuta, Inna Gaji takan kawo ruwan ɗumi da zuma, Baffa ya sha, ya zagayo ta waje ya shigo shagon ya zauna a kan buzunsa. Safara'u ta ɗaura makirfo a jikin ƙafar benci daidai bakinsa, ta rufe ƙofa, ta kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Haka za su zauna cikin zafi, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana karatu, ita kuma tana kallon wani koren layi yana tashi yana sauka a gilashin. Ran da muryar ta yi daɗi ya yi izu guda a zama ɗaya. Ran da ta ƙi, tari ya sarƙe shi, ya ɗaga hannu ta tsayar. Ran da kuma babu wuta, yakan zauna a zaure ya yi shiru har azahar, ko gaisuwa da hannu yake amsawa, yana tanadin muryar.

Ba su kai ko'ina ba kwamfutar ta fito da wani rubutu a tsakiyar gilashi.

“Me take cewa?” in ji Baffa.

“Wai cikinta ya kusa cika.”

“Tun yanzu?”

Da la'asar ta tafi Takur wurin Sagiru, mutumin da ya koya mata kwamfuta kuma shi ke yi mata gyara. Ya saurare ta yana sakace, ya ce magana cin wuri gare ta, shafi dubu na rubutu bai kai karatun rabin awa ba. Maganin abin a sayi babban diski, wato ma'ajiyar cikin injin. Da ta ji abin da ake sayar da shi sai ta san ya fi ƙarfinta, don duk abin da shagon yake kawowa a maganin Baffa yake ƙarewa, ɗan maraƙin da ya rage musu a ruga ma an sayar.

“To sai dai ki rage mata kaya,” in ji Sagiru. “Injin nan daga wani ofishin Turawa ya fito, cike yake da manhajojin da ba ki taɓa buɗewa ba. Ki cire su. Amma ki saurare ni da kyau, Hajiya. Manhaja ba buhun gero ba ce da za ki ɗauke wannan ki bar wancan. Kamar 'yan haya suke a gida mai rijiya ɗaya. In ɗaya zai tashi, sai ya ce gugan nan da shi na zo, in tafi da shi? Alhali duk gidan da shi ake jan ruwa. Za ta tambaye ki da Turanci, ta ce ga wani fayil na tarayya, da alama babu mai amfani da shi, a cire? Kada ki yarda da wannan alamar tata. Ki ce a'a. Ko sau nawa ta tambaya, ki ce a'a. Kuma ɗaya bayan ɗaya za ki cire. In kin cire, ki kashe ki kunna, ki ga fuskar ta dawo daidai, sannan ki taɓa na gaba.”

Fuska yake ce wa abin da ke bayyana in an kunna injin: koren fili, da 'yan hotunan da ake dannawa a shiga ko'ina, da sandar da ke kwance a ƙasa. In babu su, ko me ke cikin injin, babu ƙofar da za a bi a isa gare shi.

Da wasannin karta ta fara. Dama tun da aka fara shari'a take ɗari-ɗari da su, kada wani ya leƙo ya gani ya tafi yana cewa ana caca a gidan Alaramma. Ta cire, ta kashe, ta kunna, ta zauna tana kallon baƙin gilashi, har koren filin ya fito, 'yan hotunan suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Daga nan ta cire wata manhajar lissafin kamfani, da wata mai taswirar titunan wani gari da ba ta san ko a wace ƙasa yake ba, da wata mai koyar da buga rubutu, da kifayen da ke yawo a gilashi in an bar injin ba a taɓa ba. Kowacce ta fita sai ta bar gurbin karatun kwana kaɗan. Tambayar da Sagiru ya faɗa kuwa ta yi ta zuwa, wani lokaci a jere har hannunta ya gaji, tana danna a'a, a'a, a'a.

Haka suka haura rabi. Baffa ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tuwo ya daina wucewa, sai kunu, shi ma sai an tace. Asibiti suka ba shi wani magani mai ƙarfi na kashe zafi, wanda in ya sha yakan yi kamar mai gyangyaɗi. Amma in ya zauna a buzu ya yi bisimilla, sai muryar ta taso daga wani wuri, a dishe, da kaushi, ta miƙe.

Abubuwan da ba ta bukata suka ƙare, aka zo kan waɗanda take bukata. Ta kwashe takardun mutane ta zuba a 'yan ƙananan faifai, ta goge su daga injin, wurin da suka bari bai kai na zama ɗaya ba. Ta cire salon haruffa masu ado. Daga ƙarshe babu abin da ya rage mai girma sai manhajar da take zana kati da ita, da tarin furanni da zobba da tattabarun da ke tare da ita. Ba ta da faifan da za ta mayar da ita in ta cire, don a cikin injin ta same ta. Ta kwana biyu tana juya abin a ranta, sannan ta cire.

Washegari wata mata ta zo daga Kafin Hausa da sunayen amarya da ango a rubuce, ta ce an yi mata kwatancen shagon ne saboda kyan aiki. Safara'u ta ce injin ba ya yin kati yanzu, ta kwatanta mata wani shago a bakin sakatariya. Inna Gaji tana jin su daga zaure. Da matar ta tafi ta leƙo ta ce, “Yanzu da me za a sayi maganin?”

“Allah zai kawo, Inna.”

Inna ta dube ta, ta dubi injin, ta koma ciki.

Gab da faɗuwar damina aka yi kwanaki babu wuta, aka ce wata na'ura ce ta ƙone a bakin titi. Muryar Baffa kuma a kwanakin nan ta yi ƙasa sosai, in ya yi magana sai an kai kunne. Saura izu kaɗan su sauke, yawanci gajerun surorin da yara ke fara koya. Safara'u ta nemi aron janareta a wurin maƙwabci, ya ce nasa yana wurin gyara.

Ran wata Talata da hantsi fitilar shagon ta kama. Kafin ta aika a kira Baffa sai ga shi ya shigo da kansa, yana dafa bango.

“Ummi, kunna,” in ji shi.

Ta juyo da sauri. Muryar ta fito tar, kamar ta bara. Ko shi da kansa ya yi mamaki, ya shafa wuyansa ya yi ɗan murmushi.

“Yau in Allah ya yarda sai mun yi nisa. Kunna kafin ta gudu.”

Ba ta san ko wutar yake nufi ko muryar ba. Ta kunna, ya fara. Bai taɓa yin karatu irin na ran nan ba tun da suka soma. Wasu masu wucewa ma suka tsaya a bakin taga. Yana tsakiyar sura koren layin ya tsaya cak, rubutun nan ya fito. Babu sauran wuri ko kaɗan.

“Baffa, ɗan dakata.”

Ya dakata, bakinsa na kusa da makirfo, idonsa a kanta. Ta buɗe wurin cire manhajoji ta bi su da ido. 'Yan kaɗan suka rage, duk ba ta san aikinsu ba. Akwai wata mai dogon suna da ta daɗe tana tsallakewa saboda sunan ya yi kama da na injin kansa, amma tana da girma, za ta ba su gurbin da zai kai su ƙarshe. Fitilar ta yi ƙasa ta dawo. Baffa ya yi gyaran murya a hankali, ta ji kaushin ya fara dawowa. Ta danna.

Tambayar ta fito. Ta ce a'a. Ta sake fitowa, ta ce a'a. Ta sake, ta sake, kowacce da sunan wani fayil, kuma injin sai ya yi nishi kafin ya kawo ta gaba. Fitilar ta sake yin ƙasa. A gefen a'a akwai wani wurin dannawa da ke nufin a amince da duka a wuce wurin. Ta san abin da Sagiru ya ce. Ta kuma san waɗannan fayilolin ma wuri suke ci.

“Ummi,” in ji Baffa, “da saura?”

Ta danna na duka.

Injin ya yi ta ƙara na ɗan lokaci, sannan ya ce a kashe a kunna. Ta kashe ta kunna. Baƙin gilashi ya wuce, koren filin ya fito. Ta jira 'yan hotunan. Ba su zo ba. Sandar ƙasa ma ba ta zo ba. Babu komai sai kore fetal da 'yar kibiyar da ke bin hannunta duk inda ta ja ta. Ta danna dama, ta danna hagu. Ta kashe ta sake kunnawa, ta sake, abu ɗaya.

Baffa bai iya karatun boko ba, amma ya ga fuskar 'yarsa.

“Karatun ya tafi?”

“Yana ciki, Baffa. Wallahi yana ciki. Hanyar shiga ce ta ɓace.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan zauna, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya, ba don injin ba, don ba ya son barin sura a tsakiya. Ta zauna ta juya wa gilashin baya tana saurare har ya kai aya ta ƙarshe. Wutar ba ta ɗauke ba sai bayan azahar.

Sagiru ya zo da yamma, ya gwada abin da zai gwada, ya share gumi. Bai ce na gaya miki ba, ta kuwa gode masa a ranta.

“Abin da na iya shi ne in wanke ta gaba ɗaya in zuba sabo,” in ji shi. “Amma komai zai tafi.”

“A'a.”

“To sai Kano. Akwai wani Arzika a layin masu kwamfuta, yana da injin da zai jona diskinki a jiki ya kwashe karatun ya zuba a sidi. In ya kwashe sai ya wanke. Ki tafi da kanki, kada ki ba kowa saƙo, kuma kada ki matsa daga wurin sai kin ji karatun da kunnenki a faifan.”

Da sassafe ta naɗe injin a zani ta rungume shi a cinya a cikin bas. Ta ce wa Inna a ranar za ta dawo, in ya yi tsanani washegari. Arzika mutum ne mai sanyin hali, ya jona diskin ya nuna mata fayilolin a jere, babu wanda ya taɓu. Ta sa mayafi ta rufe fuska ta yi kuka a gaban mutane. Sai dai akwai masu jira a gabanta, injin zuba faifan guda ɗaya ne kuma yana da nawa, in wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki faifan ya lalace sai a ɗauko wani. Ta kwana gidan wata 'yar'uwar Inna, ta sake kwana, ta sake. Wayar hannu ba ta zama ruwan dare ba a lokacin, gidansu babu, babu wanda za ta tambaya yaya Baffa. Ta yi tunanin ta bar injin ta je ta dawo, ta tuna maganar Sagiru, ta zauna.

Ran da ta dawo an yi ruwa, layin nasu duk taɓo. Ta tarar da Inna Gaji a zaure tana tace kunu.

“Inna, an samu. Duk an kwashe. Kuma yanzu akwai wuri, ko sabuwar sauka zai yi, za ta ɗauka.”

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, “Tun shekaranjiya ba ya magana.”

Yana kwance a ɗakinsa an tokare shi da matasai. Da ya gan ta ya buɗe baki, iska kawai ta fito da wani ɗan sauti kamar ana jan tabarma. Ta durƙusa ta ɗora faifan a kan bargonsa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, hasken taga ya yi launi-launi a jiki. Ya nuna allonsa da ke jingine, ta miƙo masa da tawada. Ya rubuta da ajami: in ji.

Ta dawo da kwamfutar ɗakinsa. Duk lokacin da aka kawo wuta sai ta sa masa, daga farko, a jere, yadda ya nema. Yakan rufe ido, leɓɓansa na bin karatun. Ta ɗauka don ya ji daɗi yake saurare. Sai daga baya ta gane bita yake yi, irin wadda yake yi wa ɗalibansa.

Suna cikin faifai na tsakiya ya ɗaga hannu. Ta tsayar. Ya juya yatsa, ta mayar baya, ya sake saurare. Ya sa ta sake mayarwa. Sannan ya nuna jakar fatar Alƙur'aninsa da ke rataye, ta sauko da ita, ya yi ta buɗa warƙoƙi har ya zo wurin, ya ɗora yatsa. Ayoyi biyu ne masu ƙarshe iri ɗaya, da wata a tsakaninsu. Daga ta farko ya faɗa bayan ta biyu, ya tsallake abin da ke tsakani. Ta tuna zaman. A makon da ya fara shan maganin nan mai sa gyangyaɗi ne, kuma ita tana kallon koren layi, ba ta bin shi da littafi.

Ya jawo allo ya rubuta: a cire.

“Baffa, wuri ɗaya ne a duk karatun. Zan rubuta a jikin faifan, in ce a izu kaza akwai tsallake, duk wanda zai ji ya sani.”

Ya girgiza kai.

“Ko a samu wani cikin ɗalibanka ya karanta wurin, a jona.”

Ya sake girgiza kai, da ƙarfi har tari ya taso masa. Da ya lafa ya goge allon da gefen hannu ya rubuta: yara za su ɗauka. Hawaye na bin gefen hancinsa. Tunda take ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ran da aka binne ƙannenta biyu da ƙyanda ta kashe.

Ta yi masa bayani cewa abin da aka zuba a sidi ba ya gogewa, sai dai a koma Kano a sake zuba wani faifan a bar wannan izun a waje. Ya nuna ƙofa da hannu, wai ta tafi.

“Ba zan sake tafiya in bar ka ba, Baffa. Na yi maka alkawari zan cire. Amma ba yanzu ba.”

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu, ta fito da faifan daga injin ta ba shi, ya tura shi cikin aljihun rigarsa ya dafe. Ko da za a canza masa riga sai ya fito da shi ya riƙe a hannu. Sauran faifan ya saurare su har inda karatun ya tsaya a tsakiyar sura, bai sake ɗaga hannu ba.

Ya rasu gero na fitar da kai, wata Alhamis da rana. Masu wanka suka miƙo wa Inna rigarsa, ita ta ciro faifan ta ba Safara'u.

Bayan an share makoki ta koma Kano. Arzika ya saurari wurin, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, zai iya yanke daidai gurbin ya sa shiru, ko ya ɗauko ayar daga bakin wani mai karatu ya liƙa, ba kowa zai lura ba. Ta ce a'a, izun gaba ɗaya za a fitar, haka mai shi ya ce. Ya yi yadda ta ce. Tsohon faifan ta kai wa limamin unguwa, ya haɗa da tsofaffin warƙoƙin masallaci da suka yage ya binne.

Ɗaliban Baffa suka yi ta zuwa neman kwafi. Kowa ta ba shi sai ta gaya masa akwai izu guda da babu a tsakiya, kuma ƙarshen bai cika ba. Wasu su karɓa su yi addu'a, wasu su tambayi dalili, ta ce haka Allah ya nufa. Shagon ya koma buga takardu kawai, masu kati sun riga sun saba da wani wuri.

Inna Gaji ba ta taɓa neman ta ji ba, in an kunna ma takan tashi ta shiga madafa. Sai wata rana bayan ta fita takaba, an gama girbi, ta shigo shagon ta zauna a bakin benci, abin da ba ta saba yi ba.

“Sa mini in ji,” in ji ta.

Safara'u ta zaɓi faifai na farko, inda muryar ta fi ƙarfi. Karatun ya cika ɗakin. Inna ta sunkuyar da kai, hannayenta a kan gwiwa. Ba a yi nisa ba ta ɗago.

“Kashe.”

Safara'u ta kashe.

“Nan ai ya riga ya fara ciwo,” in ji Inna. “Ke ba ki san muryarsa ba. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, in yana karatu a zaure har bakin kasuwa ana ji.”

Ta dafa bencin ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce in an jima Safara'u ta shigo ta taya ta sussukar gero, don ita kaɗai ba za ta iya gamawa kafin magariba ba.